Madubai a Ƙarƙashin Gado

"Ban ce maka ba ta sonsa ba, Auta. Cewa na yi ba ta jinsa."

"Inna, ko takalmi ban cire ba."

"To cire, ai ba da ƙafa za ka saurare ni ba."

Mai Gilashi, autan Inna, ya sauke jakarsa a bakin ƙofa. Sati kusan uku ya yi a wani gari yana saka tagogin wani dogon bene, har yanzu akwai ƙurar siminti a gashinsa da wani sabon yanka a yatsa. Duk tsawon hanya hoto ɗaya yake gani a ransa: matarsa tana buɗe ƙofa da ɗansu a kafaɗa. Sai ya tarar da mahaifiyarsa zaune a tsakiyar falo, ta sha mayafin fita, ga akwatinta a gefe, ga wata ƙaramar jaka shuɗiya a kan cinyarta. Jakar yaron ce. Wata safa 'yar mitsitsiya tana leƙowa ta bakin zif.

"Ina za a kai kayansa?"

"Inda kakarsa take. Zan tafi da maigidana in riƙe shi har ya yi ƙafa ya yi baki. In ya iya cewa ga abin da ke damunsa, sai in dawo muku da shi."

Haka take kiran jikan nata tun ranar da aka haife shi, maigidana, tana tsokanarsa wai ya zo gidanta bai kawo ko cefane ba. Yau ba wasa a muryarta.

"Me ya faru?"

"Jiya da rana na leƙa shagon bakin titi. Ina dawowa, tun daga ƙofar waje nake jin ihunsa. Auta, ihu! Har maƙwabciyarku ta fito tana leƙe. Na shigo a guje, zanina na harɗe ni, na tarar ya yi kuka har muryarsa ta dushe, ya jiƙe sharkaf, fuska ta yi jajir. Ita kuwa tana kicin ta ba ƙofa baya tana wanke-wanke, hankalinta kwance, har da ɗan murmushinta. Da wani abu ne ya shaƙe shi fa? Da faɗowa ya yi fa?" Inna ta goge ido da bakin mayafi. "Ba laifinta ba ne, haka Allah ya yi ta. Amma yaro ba abin gwaji ba ne."

Mai Gilashi ya zauna a hannun kujera. Ya ga ɗansa a ransa, ɗan bakin nan a buɗe, 'yan hannuwan nan suna kaɗawa a iska babu mai zuwa. Ya kalli falon kamar baƙo. Gidan ya yi masa duhu, ya kuma yi masa ƙanƙanta, bai san dalili ba.

"Ita ta sani?"

"Na gaya mata."

"Ta yaya, Inna?"

"Kamar yadda ake gaya wa mutane. Ta ga ina haɗa kaya ai. Tun safe ta ɗauke shi ta shige ɗaki ta sa sakata."

Ya tashi ya nufi ɗakin. Bai ƙwanƙwasa ba, don ƙwanƙwasawa ba ta da amfani a gidansu. Akwai wani makunni da ya sa a waje, in an danna shi fitilar ciki takan ɗauke ta dawo. Ya danna sau biyu a hankali, sau ɗaya da sauri. Sallamarsa ke nan tun suna sabon aure.

Sakata ta zame.

Tana tsaye da yaron a goye ta gaba, ta ɗaure shi tam a ƙirjinta kamar wadda za ta tsallaka kogi. Idanunta sun kumbura. Shi kuwa ɗan barcinsa yake sha, kumatunsa ya lotse a kan ƙashin wuyanta.

Wushirya yake ce mata. A maganar hannu, ana taɓa haƙoran gaba da yatsa ne, wurin 'yar ƙofar nan da ke tsakaninsu. Wannan 'yar ƙofa ita ta fara kama shi, shekarun baya, lokacin da aka kira shi ya sauya gilashin gaban gidan burodin da take aiki. Yana ta waje yana gwada awo, tana ta ciki tana jera burodi mai zafi, tururi ya rufe sabon gilashin. Ya yi ta surutu yana tambayarta ko ya daidaita, ba ta ko waiwayo ba, har ya ce a ransa wannan akwai girman kai. Can ta ɗago ta gan shi yana ta motsa baki kamar kifi, sai ta sa yatsa ta rubuta a kan tururin, a juye don ya iya karantawa: ba na ji. Sannan ta yi dariya. Daga ranar ya zama mai cin burodi safe da yamma har abokansa suka fara tambayarsa ko likita ne ya rubuta masa. Ya koyi maganar hannu a wurinta, yana kuskure tana gyara masa yatsu, kuma ya rantse da gangan yake wasu kuskuren don ta riƙe masa hannu.

Yanzu ya taɓa haƙoransa, ya kira sunanta. Ba ta yi murmushi ba.

"Ka dawo," hannunta ya ce.

"Na dawo. Me ya sa ba ki gaya min a waya ba? Kullum saƙonki lafiya lau, lafiya lau."

"Kana saman bene riƙe da gilashi. In gaya maka me, ka faɗo?"

Ya shafa bayan yaron. Sannan ya yi tambayar da daga baya ya so a ce hannunsa ya ƙage kafin ya yi ta.

"Gaskiya ne ya daɗe yana kuka ba ki sani ba?"

"Gaskiya ne."

"To… ko na ɗan lokaci ne? Kafin in gama wannan aikin? Inna ta riƙe shi, mu riƙa zuwa…"

Hannuwanta suka tsaya cak a iska. Ta kalle shi irin kallon da ya taɓa gani sau ɗaya tak, a asibiti, ranar haihuwa. A ranar ma'aikaciyar jinya ta naɗe jaririn ta wuce gadon uwarsa da shi ta miƙa wa Inna. Sannan ta ja Mai Gilashi gefe, ta kare bakinta da hannu, ta ce masa ko za a tsayar wa matarsa da haihuwa tun da ana nan, ai ɗaya ma nauyi ne ga irinta. Wushirya tana kwance tana kallonsu. Ta san in mutum ya kare baki a gabanta, maganarta ake yi. A ranar ya yi faɗa har sai da aka ba shi haƙuri, ya karɓo ɗan ya ɗora mata a ƙirji da hannunsa. A ranar ita ma'aikaciyar ce ta sha wannan kallo. Yau shi ake wa.

"Har da kai?" hannunta ya ce, a hankali, kamar yatsun sun gaji.

"Tsoro nake ji, Wushirya."

"Ni fa? Kana tsammani ba na ji? Kai kana jin tsoro in ya yi kuka. Ni ina jin tsoro ko bai yi ba." Ta share hawaye da bayan hannu don kada ya ɗiga wa yaron. "A makaranta an yanke min abin da zan iya karanta. A wurin aiki an yanke min inda zan tsaya, can baya, kada masu saye su gan ni. Na yi shiru, ai dama shirun ne aikina. Amma wannan ba za a yanke min ba. Zo."

Ta kama hannun rigarsa ta ja shi. Suka wuce Inna a falo.

"Ina kuma za ku? Auta, motar yamma fa ba ta jira."

Wushirya ba ta tsaya ba sai a kicin. Ta tsayar da shi a gaban wurin wanke-wanke, daidai inda ƙafafunta suka saba tsayawa, ta kama haɓarsa ta ɗaga.

A bangon, sama da famfo, babu komai sai ƙusa, da wani fili mai kusurwa huɗu inda fentin ya fi na kewaye haske.

Sai a lokacin ya gane abin da ya sa gidan ya yi masa duhu.

Shi ya yanka madubin da aka cire daga ƙusar nan da hannunsa, cikinta yana wata bakwai. Ragowar madubai ne na shago, waɗanda ba su kai a sayar ba, ya goge musu baki don kada su yanki kowa. Ranar hutu guda suka ɓata a kan aikin. Suka sa matashin kai a gadon jariri, suka ɗaura masa hula ja. Ita tana tsayawa a kowane wuri da aikin gida ke tsayar da mace, gaban murhu, wurin wanke-wanke, wurin guga, bakin banɗaki, shi kuma yana kan kujera yana karkata madubi tana ba shi umarni: hagu kaɗan, ƙasa, kai wane irin mai gilashi ne, tsaya, nan! Madubin kicin yana kallon na lungu, na lungu yana kallon na ƙofar ɗaki, na ƙofar ɗaki yana kallon gado. Duk inda ta tsaya, in ta ɗaga ido sai ta ga jar hula. Da suka gama ta rungumi matashin tana jijjiga shi, ya ce yaron ya yi kama da ita, ta jefe shi da shi.

Ya leƙa lungu. Ƙusa. Ya dubi saman ƙofar ɗaki. Ƙusa.

"Inna!"

"Na'am. Ka ga yadda na gyara muku gidan ko?" Ta taso tana jan silifa, ta tsaya a ƙofar kicin. "Gida kamar shagon aski, ko'ina ka juya kai ne. Na shiga lungu na ga wata tsohuwa ta taho min, saura kaɗan in gaishe ta. Ga guda a saman ƙofa, in ya ɓallo a kan maigidana fa? Na ce kwalliyar ta isa haka, mace ta haihu ai sai ta rage kallon fuska."

"Ina suke?"

"Ƙarƙashin gadon da nake kwana. Na naɗe su da bargo, ko ɗaya bai fashe ba. Ta mayar da su sau ɗaya, na sake saukewa. Taurin kai gare ta, Auta, ba ka sani ba ne."

Ya fassara wa Wushirya, don dokar gidansu ce ba a magana a gabanta a bar ta a baya. Ta gyaɗa kai.

"Na yi ta nuna mata," hannunta ya ce. "In na fara sai ta ce to, to, to, ta juya. Da na ga haka sai na daina ajiye shi. A bayana yake wuni. Jiya ita ta kwance shi da kanta, ta kwantar da shi, ta zauna a bakin gadon, ta nuna ƙirjinta ta nuna shi, ta kore ni da hannu in je in yi aikina. Na tafi. Na ji daɗi ma. Na ce yau Inna ta yi min magana."

Murmushin da Inna ta gani a wurin wanke-wanke ke nan. Mai Gilashi ya runtse ido. Ya juya maganar zuwa baki, kalma bayan kalma, bai rage komai ba.

"Haka ne, ni na karɓe shi," in ji Inna. "Bayanta ya gaji, ai ina da tausayi. Amma da zan fita na gaya mata! Kada ta ce ban gaya mata ba. A nan na tsaya, nan inda nake tsaye ɗin nan, na ce, yarinya, zan leƙa shago in dawo, ki kasa kunne ko zai…"



Famfo yana ɗiga a cikin kwano. Inna ta dubi inda take tsaye, ta dubi wurin wanke-wanke, inda duk mai tsayuwa dole ya ba ƙofa baya. Ta dubi ƙusar. Hannunta ya tafi bakinta a hankali, sai kuma ta tuna a leɓe surukarta take karanta magana, ta sauke shi da sauri.

"Ta juyo, Inna?" Muryarsa ba ta da zafi.

"Ba ta juyo ba."

"Da madubin yana nan, da ta ga fitarki. Da ta ga ya motsa tun kafin ya buɗe baki."

Inna ta lalubi 'yar kujerar kicin ta zauna. Ta daɗe tana murza bakin mayafinta.

"Mantawa nake yi," ta ce. "Wallahi mantawa nake yi. Tana kallon mutum da idon nan nata kamar ta ji komai."

Mai Gilashi ya durƙusa a gabanta, amma ya karkata yadda matarsa za ta ga hannuwansa, yana magana da baki da yatsu a lokaci guda.

"Inna, ko da madubin yana nan, ko da laifinta ne, ɗanta ne. Ke da kike ji, ban taɓa kuka ba ki ji ba? Wannan tabon na goshina fa?"

"Kai dama ƙiriniya gare ka. Ina can ina shanya, ka hau tebur."

"An ƙwace ni daga hannunki?"

"Wa ya isa!" Ta faɗa da ƙarfi, sai kuma kalmar ta dawo ta same ta. Ta sunkuyar da kai.

Yaron ya motsa. Bai yi ko ƙwaƙƙwaran numfashi ba, sai dai ya ɗan tamke yatsun ƙafa ya murɗa baki, amma tuni Wushirya ta sassauta ɗaurin, ta zauna a kan buhun da ke gefe ta ba shi mama. Ta ɗora tafin hannunta a bayansa, yatsu a buɗe, yadda take jin gurnaninsa yana shiga fatarta. Da ɗaya hannun ta yi masa wata 'yar alama a gaban ido, tana buɗe yatsu tana rufewa. Ya saki mama ya kalle ta, ya ɗaga ɗan dunƙulensa ya buɗe ya rufe.

"Me ya ce?" Inna ta tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

"Bai ce komai ba tukuna, Inna, kwaikwayo yake. Alamar madara take koya masa."

"Ni kuma yaya take kirana da hannun?"

Mai Gilashi ya yi tari. Ya kalli matarsa. A karon farko tun shigowarsa wushiryar ta leƙo. Ta ɗaga hannu kusa da bakinta, ta haɗa yatsu kamar bakin tsuntsu, ta yi ta buɗewa da rufewa da sauri ba hutawa.

"Lallai yarinyar nan! Ni ce mai bakin?" Inna ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya ta koma kuka. Ta miƙe ta fita. Suka ji, wato shi ya ji, ƙarar jan abu a ƙasa. Ta dawo rungume da bargo, ta ajiye shi a gaban surukarta ta buɗe. Madubai suka kama hasken taga suka watsa shi a silin. Sannan ta koma falo ta zazzage shuɗiyar jakar a kan kujera, ta jera 'yan riguna ɗaya bayan ɗaya, ta haɗa safa da 'yar'uwarta. Ta ɗauki akwatinta.

"Ka raka ni tasha, Auta."

"Inna, ba wanda ya kore ki."

"Ni na kori kaina. Na zo taimako na zama ciwo." Ta gyara mayafi ba ta kalli kowa ba. "Gidan can ne ya yi min faɗi tun da babanku ya rasu. In na yi magana bango ke amsawa. Na ce ko maigidana zai riƙa yi min kuka in san akwai mutum. Son kai ne, na sani. Mu je."

Bai fassara wannan ba, hannuwansa sun yi nauyi. Bai kuma buƙaci yi ba. Wushirya tana tsaye a bakin lungu da ɗanta a kafaɗa, kuma wannan karon Inna ba ta kare baki ba, ba ta juya baya ba.

Wushirya tana da murya. Sai da ta fara makaranta zazzaɓi mai zafi ya tafi da jinta, kalmomin da ta tara kafin nan suna nan a ajiye. Amma tun ranar da yara suka kwaikwayi maganarta a filin wasa suna faɗuwa don dariya ta kulle su. Shi kansa mijinta sau kaɗan ya taɓa ji, cikin barci ko cikin naƙuda. Sai ga shi ta tako ta tsaya tsakanin Inna da ƙofa. Ta miƙa wa mijinta yaron. Ta karɓe akwatin daga hannun tsohuwar ta ajiye. Ta ɗauki tafin Inna ta ɗora a kan maƙogwaronta, ta danne shi da nata, yadda su biyun za su ji abin da zai fito.

Muryar ta fito da ƙarfi fiye da yadda ɗakin ke buƙata, a karkace, da tsatsar shekaru a jikinta. Mai Gilashi bai taɓa jin abin da ya kai ta daɗi ba.

"Ɗana yana nan," ta ce. "Ke ma, Inna, kina nan. Gobe za ki fara koyon hannu."